Sawun da Ya Taka Rubutu

Gwamna goma sha ɗaya na gani a jihar nan, duk na raka su da ido har kabari, ga ni nan da haƙorana huɗu ina cin awara. Ban san baƙi ko ɗaya ba. Surukina ne yake rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja masa kunne kada ya ƙara gishiri. Amma abin da idona ya gani, masu gilashi a hanci ba su karanta rabinsa ba. To ku saurari na Pang Laowu mai bin sawu, da ranar da aka tsinci gawa a majalisar Gwamna Rong.

Shekara ta uku ce da faɗuwar sarki. An yanke wa maza jelar gashinsu, an canza tuta, aka ce yanzu majalisa ce za ta riƙe jiha. Majalisar kuwa kujera biyar ce a tebur ɗaya. Gwamna Rong a kai, janar ne da ya shigo garin da bindiga. Sai Mei na harkokin cikin gida, da Lei na 'yan sanda, da tsoho Bian na baitulmali, da ƙaraminsu Tao na ilimi, wanda ya yi karatu a ƙetaren teku. Buta ɗaya ake zuba musu shayi, amma kowa sai ya ga wani ya kurɓa kafin ya kai nasa baki.

Ranar da uwar gwamna ta cika saba'in aka kawo 'yan wasa, aka kafa rumfa a tsakar gidan baya, ganguna da kuge suka hana kowa jin na kusa da shi. Ruwa ya tsuge tun tsakar rana. Da ya ɗauke, mai kai shayi ya leƙa ofishin Mei, wanda ya ƙi zuwa kallo don yana da aiki, ya tarar da shi kife a kan tebur, an fasa masa ƙeya da dutsen niƙa tawada.

Daga ƙofar bayan ofishin zuwa rumfar da ake ajiye kujerun kafaɗa, waɗanda ake ɗaukar manya a cikinsu, taɓo ne, ga kuma sawun takalmin ciyawa zuwa da dawowa. A bakin ƙofar wata rubutacciyar takarda ta faɗa cikin laka, sawun ya zauna mata daram a tsakiya kamar an buga hatimi. Takalmin kuwa aka same shi rataye a ƙusarsa, jiƙe, da ɗigon jini. Na Suo Erniu ne, mai ɗaukar gaba a kujerar Mei, ƙato mai kafaɗa kamar ta bijimi, wanda ba a yi irinsa ba a masu ɗauka kafinsa ko bayansa. Kowa ya san da safiyar ranar Mei ya sa an yi masa bulala goma don ya yi tuntuɓe da shi a kan gada, kowa kuma ya ji shi yana cewa akwai ranar ƙin dillanci. Biri ya yi kama da mutum. Kafin 'yan wasa su wanke fuska an sa shi a mari, gwamna ya ce gobe da tsakar rana, in majalisa ta tashi, a harbe shi a ƙofar yamma.

Gidan gwamnati ya yi tsit. Masu ɗauka suka daina kallon juna, akawu ya ga akawu ya sauya hanya, kowane kwamishina ya ƙara dogarai a ƙofarsa. Ba wanda ya ce ba Suo ba ne. Ba kuma wanda ya kori dogaran nasa.

Iya Gui mai dafa wa masu ɗauka abinci ita ta ruga masaukin alfadarai ta samo Pang. Ɗan guntun mutum ne mai ɗingishi, fuska kamar busasshiyar goruba, amma in ya dubi hanya yakan faɗa maka alfadari nawa suka wuce, wanne ne mai ido ɗaya, kuma mai korarsu ya karya kumallo ko bai karya ba. Shekarar da 'yan fashi suka harbe shi a cinya, Suo ne ya goya shi kwana uku cikin duwatsu. Da ya warke suka yanka zakara, suka sha jinin a giya, Suo ya zama Yaya, shi ya zama Ƙane. Pang bai tsaya jin ƙarshen labarin Iya Gui ba ya ɗauki sandarsa.

Gwamna ya san shi, don shi ya taɓa nemo masa dawakinsa da aka sace tun yana kanar. Pang ya same shi a baranda yana ɓare gyaɗa.

"Tsohon kare, har yanzu hancin yana aiki?"

"Ido ne, ranka ya daɗe. Hanci na bar wa 'yan sanda."

Gwamna ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce ya ba shi zuwa gobe tsakar rana, ya shiga inda yake so, ya tambayi wanda yake so. Sannan ya karkaɗe ɓawon daga cinyarsa.

"Amma in ka tayar wa manya hankali ka fito hannu wofi, bangon ƙofar yamma yana da faɗin mutum biyu."

Lei na 'yan sanda ne ya kai shi wurin da kansa, yana tafe yana ƙunƙuni. Shi wannan tsohon ɗan fashi ne da gwamna ya ga ya fi sauƙi ya sa masa kaki da ya yaƙe shi, kuma da alƙalami da sandar cin shinkafa duk ɗaya ne a wurinsa. Pang ya kwanta rub da ciki a gefen taɓon tun da sauran hasken rana, ya daɗe yana nazarin sawun. Mutumin da ya shekara ashirin da sanda a kafaɗar dama, takunsa gajere ne, ƙafar dama ta fi cizon ƙasa, yatsu suna damƙa. Wannan kuwa takunsa dogo ne, nauyi daidai hagu da dama, diddige yana sulluɓewa daga takalmin, a dawowa ma har ya fara jan ƙafa. A cikin ofis kuma, a kan jiƙaƙƙen sawun, akwai na takalmin yadi da ɗigon bakin sanda. Takardun marigayin an tara su tsaf a gefen tebur, amma da ya ɗaga na sama sai ga jini a na tsakiya.

Ya faɗa wa Lei cewa takalmin na Suo ne, ƙafar ta wani ce. Lei ya tambaye shi ko lakar za ta zo majalisa ta rantse. Ya aika aka kawo takardar da aka taka, ya karɓa da hannu biyu, ya share gefenta da hannun rigarsa kafin ya nuna.

"Dubi nan. Shege har rubutu ya taka. Ko bai kashe kowa ba, makanta tana jiransa."

Pang ya dubi takardar, ya dubi hannuwan da suka riƙe ta. Ya tambaye shi ko ya tashi daga wurin wasa. Lei ya ce ya tashi, giya ce ta matse shi, kuma tun da tambaya ake yi, bai taɓa son Mei ba, Mei ma sau biyu yana neman a tsige shi.

"Amma da ni ne, Malam Ɗingishi, a gaban uwar gwamna zan harbe shi in ce a ci gaba da kiɗa. Ba na aron takalmi."

A ɗakin da aka kulle Suo ba taga. Yana kwance a kan ciki saboda bayansa, ya ɗago kai ya ce ashe ƙanensa ya zo da wuri don ya sami wurin tsayawa mai kyau gobe. Ya ba shi labari ba ɓoye-ɓoye. Bayan bulala ya rataye takalminsa, da ruwa ya sauko ya faki ido ya shige kujerar maigida ya saki labule ya yi barci, don matashin ciki ya fi tabarma taushi. Wannan kaɗai laifin bulala hamsin ne, shi ya sa bai bari kowa ya gan shi ba. Maganar bulala goma kuwa, ya ce ya sha talatin a hannun uban Mei bai kashe kowa ba.

"Tambaya ɗaya, Yaya. Ka taɓa taka rubutu?"

Suo ya tofar da yawu gefe.

"Ƙane, in zagi kake ji, ka zagi uwata kai tsaye. Ya fi gajarta."

Ai mu da ba mu iya karatu ba, tun muna goye uwayenmu suka faɗa mana wanda ya taka rubutu zai makance, jikokinsa su tashi dolaye. In ka ga takarda a ƙasa ka ɗauka ka kai murhun ƙona takardu na unguwa, ko da kaya a kanka. Mai ɗaukar kujera ko a guje yake, ƙafarsa takan kauce wa takarda kafin idonsa ya gan ta. Pang ya fito yana juya wannan a ransa. Abin da gari ya riƙe a matsayin shaidar laifi, shi ne ya wanke duk wani bara da ke gidan. Sai dai in ba bara ba ne, to wanda ya rage yana da kujera a majalisa, bangon nan kuma ya ƙara matsowa.

Iya Gui ta zuba masa taliya da barkono, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu. Ita ta yi ta kai waina wurin wasan, ta ce manya uku ne suka tashi ana tsakiyar ruwa. Lei ya fita yana tangaɗi. Tsoho Bian ya fita da sandarsa, ya dawo fuska kamar awarar da ta kwana. Kwamishina Tao ya riga su duka fita, ya ce kuge yana sara masa kai, shi dai dama bai taɓa zama ya ga ƙarshen wasa ba.

"Wannan ka bar shi," in ji ta. "Shi kaɗai ne yake ce mini sannu da aiki. Ka ci abincinka, ƙafafunka kamar na zalɓe, ko harbinka aka zo yi sai an nemi wurin sa harsashi."

Bian yana gidansa, an rufe tagogi tun rana ba ta faɗi ba. Tsoho ne da ya ci jarrabawar sarki tun gwamna yana rarrafe. Da farko ya ce shi bai san komai ba, kuma ba ya magana da masu korar alfadarai. Pang ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ɗauki sandar tsohon da ke jingine, ya juya bakinta na tagulla, ya ce ya ga irin ɗigonta goma sha bakwai a ofishin marigayi. Bian ya ajiye kofinsa.

Ya ce eh, ya shiga. Ya je ne ya lallashi Mei ya fito ko don uwar gwamna, ya tarar da aikin gama ya gama, takardu watse ko'ina a ƙasa kamar an yi neman wani abu. Tsoro ya kama shi kada a ce shi ne, ya koma wurin wasa ya yi shiru.

"Amma ka tsaya ka tara takardun, Baba."

"To in bar su a ƙasa?" Tsohon ya dube shi kamar ya tambaye shi dalilin da yake numfashi.

Da ya ga asiri ya tonu sai ya ƙarasa. Kwana biyu da suka wuce Mei ya faɗa masa a asirce cewa wata wasiƙa ta faɗo hannunsa. Wani daga cikin majalisa ya rubuta wa janar na jihar gabas cewa zai sa a buɗe masa ƙofar kudu in kaka ta yi. Mei ya ce zai karanta ta a zama na gaba, kujera ɗaya kuma za ta yi sanyi. Bai faɗi ta wa ba. Bian ya riƙo hannun rigar Pang yana roƙonsa kada ya ambaci sunansa, yana da jikoki.

"Yayana ba shi da ko ɗa," in ji Pang, "amma shi ma wuya ɗaya gare shi."

Washegari da hantsi ya je ofishin Tao. Nan ne kaɗai aka ba shi kujera. Kwamishinan matashi ne mai farin gilashi da kwat, yana zaune bayan babban tebur, ya nemi afuwa da bai tashi ba, wai sanyin jiya ya kama masa gwiwa. Ɗakin yana ƙanshin man shafawa na magani. Ya kira Pang ɗan'uwa, ya ce a sabon zamani mai kujera da mai ɗaukarta duk ɗaya ne, ya ce shi bai yarda da bulala ba, kuma ya fahimci abin da zai sa talaka ya fusata. Zai roƙi gwamna a mayar da harbi ɗauri. Game da jiya kuwa, ɗakinsa ya koma ya kwanta har ciwon kai ya sauka.

Ya miƙa masa taba sigari, abin da Pang bai taɓa riƙewa ba. Ashana ta ƙare. Tao ya jawo jaridar da ke gabansa yana ci gaba da magana, ya yage gefenta, ya murɗe, ya tsoma a kaskon gawayi, ya miƙo wutar. Pang ya ga baƙaƙe suna naɗewa suna zama toka a yatsun mutumin. Ya karɓi wutar, ya yi godiya, ya fito. Sai da ya sha kwana ya jefar da tabar.

Sanin gaskiya daban, kai ta gaban janar daban. In ya ce laka ta faɗa masa, za a yi dariya a harbe su su biyu. Ya wuce haikalin unguwa wurin tsohon da yake yawo da kwando yana tsintar takardu, ya ari kwandon a cike, ya rantse masa da kabarin ubansa zai dawo da su ya ƙona da hannunsa. Daga nan ya koma wurin gwamna ya roƙi abu ɗaya: gwamna ya riga kowa zama, a kawo Suo, a shigo da kwamishinoni ɗaya bayan ɗaya ta ƙaramar ƙofa.

Gwamna yana zaune yana kallo Pang ya durƙusa ya shimfiɗa takardun a ƙasa, daga bakin ƙofa har taku biyar, yana ajiye kowace yana ba ta haƙuri a hankali. Gwamna ya ɗaure fuska ya ce in uwarsa ta ga wannan, ba sai an jira tsakar rana ba. Suo yana durƙushe a kusurwa da mari, ya kau da kai.

Lei ne ya fara shigowa. Ya ja burki a bakin ƙofa, ya zagi uban wanda ya yi wannan aika-aika, sannan wannan ƙaton mutum da bindiga a ƙugu ya manne da bango ya lallaɓa a kan yatsu kamar mai tsallake ƙaya. Bian ya biyo. Ya jingine sanda ya sunkuya da ƙyar ya fara tsinta, sai da gwamna ya ce ya bari, aka kama hannunsa aka zagayo da shi.

Sai Tao. Ya shigo yana duba agogon aljihunsa, yana jan ƙafa kaɗan, yana ba da haƙurin jinkiri. Taku biyar, takardu suna ƙara a ƙarƙashin takalminsa na fata. Ɗaya ta manne masa a diddige har gindin kujerarsa. Sai da ya zauna ya lura ba wanda yake motsi. Lei ya saki baki. Bian ya rufe ido.

Pang ya ajiye takardar jiya a kan tebur, da sawun a tsakiyarta. Ya ce shi bai san abin da aka rubuta a kai ba, amma ya san abin da ƙafa ta rubuta. Wanda ya kashe Mei ya ari takalmin talaka don a harbe talaka, kuma dabarar ta yi kyau. Abu ɗaya ya manta. Ya ari takalmin, bai ari tsoron da ke cikinsa ba.

Tao ya cire gilashinsa ya goge, ya yi murmushi. Ya ce wa gwamna yana fata ba za a yanke hukunci da tatsuniyar tsofaffin mata ba. Takarda takarda ce, irin wannan camfin ne ma ya bar ƙasar a baya.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe, camfi ne," in ji Pang. "Mu ɗari uku ne a gidan nan muke fama da shi. Kai kaɗai ka warke."

Ba wanda ya yi dariya. Pang ya ɗauko takalmin ciyawar ya ajiye a ƙasa, ya ce wannan abin kare ne, ya san maigidansa. Ƙafar da ta saba da shi ba ya taɓa ta, baƙuwar ƙafa kuwa, musamman in ya jiƙe, sai ya cije ta kafin taku ɗari.

Gwamna bai ɗaga murya ba.

"Cire."

Tao ya fara maganar mutuncin majalisa. Lei ya zagayo ya cire masa da kansa. Cikin safa ƙafafun a naɗe suke da ƙyalle mai warin magani. Da aka warware sai ga farar ƙafa irin ta wanda bai taɓa taka ƙasa ba, da jan ciwo inda fata ta sale a bayan diddige da kan yatsu. Pang ya ɗora igiyar takalmin a kai, ta kwanta a cikin ciwon kamar ruwa a kwata. Nan tsoho Bian ya faɗi maganar wasiƙa da ƙofar kudu, ba wanda ya tambaye shi.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tao ya mayar da gilashinsa, ya daina murmushi. Ya ce shekara uku yana kallonsu suna mulkin jiha da bulala da ganga. Wanda zai zo daga gabas ya yi masa alkawarin makaranta ɗari, da Mei ya karanta wasiƙar da shi ke nan.

"Makaranta ɗari," in ji Pang. "Kan Yayana ne tubalin farko?"

Tao ya gyara kwat ɗinsa. Ko kallon kusurwar da Suo yake bai yi ba.

Gwamna ya daɗe yana juya murfin kofinsa. A waje ana jin sojoji suna jeruwa, mutane kuma sun fara tururuwa zuwa ƙofar yamma don su sami wuri. Can ya yi magana a hankali, kamar mai zaɓen abincin rana. Ya ce gari ya riga ya ji cewa mai ɗaukar kujera ne ya kashe Mei, kuma haka za ta zauna. Majalisar da kwamishina yake fasa kan kwamishina ba majalisa ba ce, in labari ya kai gabas ba sai an buɗe musu ƙofa ba. Don haka yau da tsakar rana za a harbe Suo Erniu kamar yadda aka faɗa.

Pang ya zabura. Ya buɗe baki, gwamna ya ɗaga yatsa.

"Lei, ka tuɓe wa Suo tsummansa ka sa wa Tao. Ka sa masa buhu a ka. Takalmin ma ka mayar masa, tun da yana sha'awa. Gobe a sanar cewa Kwamishina Tao ya koma ƙetaren teku ƙaro ilimi."

Aka cire wa Suo mari. Tao ya fara magana da sauri, da yaren ƙetare har da namu, Lei ya toshe masa baki da ƙyallen ƙafarsa. Gwamna ya juyo ga Suo da Pang, ya nuna Suo.

"Kai ka mutu. Matacce ba ya yawo a kasuwata, ba ya kuma amsa sunansa." Ya dubi Pang daga sama har ƙasa. "Kai kuwa, tsohon kare, idonka ya yi yawa. Ku tafi. Ba wanda zai tare ku har rana ta taɓa dutse."

Pang ya san ma'anar haka. Duk da haka sai da ya durƙusa ya tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta manne a takalmin fata, ya kai haikali ya ƙona kamar yadda ya rantse. Iya Gui ta cusa musu waina a riga. Suna fita ƙofar arewa, Suo lulluɓe da buhun gishiri kamar ɗan dako, suka ji ƙarar bindigogi daga yamma, da hayaniyar mutane bayanta. Suo ya tsaya cak.

"Ƙane, ka ji? Sun kashe ni."

"Na ji. Tafi, kafin su ga aikin bai yi kyau ba."

Ba su bi hanya ba. Rafi suka shiga, kwana biyu suna tafiya cikin ruwa, inda bayan Suo ya hana shi motsi Pang ya goya shi da ɗingishinsa, yana ƙunƙuni wai bashin goyo ya fi kowane nauyi. Rana tana taɓa dutse mahaya suka fito, da masu bin sawu uku da aka ɗauko haya. Wata guda suna shawagi. Amma wa zai bi sawun Pang Laowu in bai so ba?

Kaka ta yi, janar na gabas ya zo duk da haka, wani ne ya buɗe masa ƙofar kudun. An rataye Lei, Bian ya mutu a hanya, Gwamna Rong kuma ba a ma san inda aka binne shi ba. Pang ya rasu da tsufansa a wani ƙauyen masu gishiri, ni na rufe masa ido.

Suo Erniu kuwa, ku je ku duba littafin gwamnati, an harbe shi a shekara ta uku a ƙofar yamma. Sunan da nake amsawa yanzu a kasuwa na tsince shi. Wanda yake shakka ya zo ya taɓa kafaɗata ta dama, ya ji kantar da sandar kujera ta bari. Takardar nan kuma, in kun gama karantawa, kada wanda ya yar mini da ita a ƙasa.